Kan sarkin rundunar da ta rasa ƙasarta: fashin baƙi a kan takardun taimakon sojojin Poland bayan 1945

A farkon shekarar 1946 aka fitar da wasu kan sarki guda huɗu a ƙasar Italiya, amma farashin da ke jikinsu da kuɗin Poland aka rubuta shi: groszy 45, groszy 55, zloty 1 da zloty 2. Rubutun da ke kansu shi ne Poczta Polowa 2 Korpusu, wato gidan wayan fagen fama na Runduna ta Biyu ta sojojin Poland, ɗaya daga cikinsu kuma yana ɗauke da hoton kwamandan rundunar, Janar Władysław Anders. Sojojin da aka buga su dominsu lira suke kashewa a kasuwannin Italiya, ba mai zloty a aljihunsa. Gwamnatin da ke mulki a Warsaw ba da yawunta aka buga ba. Ita kuwa gwamnatin da sojojin suka yi wa rantsuwa, wadda ke gudun hijira a Landan, kimanin wata shida ke nan da Birtaniya da Amurka suka janye amincewarsu da ita. To kan sarkin wace ƙasa ne waɗannan? Za su iya kai wasiƙa? In ba za su iya ba, me ya sa har gobe ake saye da sayar da su a gwanjo, ake kuma yi musu jabu?

Duk mai son tara irin waɗannan takardu sai ya fara warware wannan ƙulli, in ba haka ba ɗayan biyu zai same shi. Ko dai ya raina su ya ce hotunan banza ne, ko kuma dillali ya sayar masa da su a matsayin abin da ba su ba.

Sai an koma baya kaɗan. Jamus ta auka wa Poland ranar 1 ga Satumba 1939, Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas ranar 17 ga watan, suka raba ƙasar biyu. A 1940 da 1941 Sobiyet ta kwashi dubban ɗaruruwan mutane daga yankin da ta kama, ta kai su Siberiya da Kazakhstan da sansanonin aikin dole. Da Hitler ya juya kan Stalin, sai aka ƙulla yarjejeniya ranar 30 ga Yuli 1941 tsakanin Janar Sikorski, shugaban gwamnatin gudun hijira, da jakadan Sobiyet a Landan, Maisky, aka yarda a saki fursunonin su kafa runduna. Shi kansa Anders daga kurkukun Lubyanka na Mosko aka fito da shi aka ba shi jagoranci. A 1942 mutum kusan 115,000, sojoji da mata da yara, suka bar ƙasar Sobiyet zuwa Iran, akasarinsu ta tekun Kaspiya. Sojojin suka bi ta Iraƙi da Falasɗinu da Masar har Italiya. Iyalansu aka watsa su duniya, wasu Indiya, wasu Mexico, kimanin 18,000 kuma aka kawo su Afirka, sansanoni irin su Tengeru a Tanganyika da Koja da Masindi a Uganda.

A Italiya ne rundunar ta yi suna. Ranar 18 ga Mayu 1944 sojojinta suka kafa tuta a kan kangon gidan ibada na Monte Cassino, bayan sun rasa mutum fiye da 900 a wannan faɗa kaɗai. Suka karɓi Ancona a Yulin 1944, suka shiga Bologna ranar 21 ga Afrilu 1945. Amma tun a Fabrairun 1945, a taron Yalta, manyan ƙasashe sun riga sun bar wa Sobiyet gabashin Poland, da biranen Lwów da Wilno, kuma daga can ne mafi yawan mutanen Anders suka fito. An gudu ba a tsira ba. Yaƙi ya ƙare, gida ya koma hannun waɗanda suka ɗaure su da farko, kuma sun san abin da ke jiran wanda ya koma. Rundunar ma ƙaruwa ta yi bayan yaƙin, ta haura mutum 100,000, domin fursunonin yaƙi da waɗanda Jamus ta sa aikin dole sun yi ta kwararowa daga arewa suna neman mafaka a wurinta. Tare da su akwai zawarawa, marayu, guragu, da matasan da yaƙi ya raba da makaranta. Wannan nauyi shi ne asalin kan sarkin da muke magana a kai.

Yanzu ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta. Kan sarki na gaskiya shaida ce cewa an biya kuɗin ɗaukar wasiƙa, kuma hukumar gidan waya ta ƙasa ce ke fitar da shi. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ita ta sa wasiƙar da aka liƙa wa kan sarkin wata ƙasa take isa wata ƙasar ba tare da an sake biya ba. Akwai kuma nau'in da ake rubuta wa farashi biyu da alamar tarawa a tsakani, kamar 1+2: na farko kuɗin aika wasiƙa, na biyu gudummawa ga wani asusu. Shi ma kan sarki ne cikakke. Sai nau'i na uku, takardar da ta yi kama da kan sarki ta kowace fuska, da haƙoran gefe da gam a baya da farashi, amma ba ta biyan kuɗin wasiƙa, shaidar gudummawa ce kawai. 'Yan harkar suna kiran irin wannan Cinderella, kuma da wannan suna za ka same su a shafukan gwanjo. Abin da ya rikita sha'anin Poland shi ne dukkan nau'o'in uku suna nan, hoton soja iri ɗaya, farar gaggafar tambarin Poland iri ɗaya, a cikin shekaru biyar ko shida kacal.

Na gwamnatin da ke gudun hijira a Landan su ne masu tsayayyen matsayi. Gwamnatin gudun hijira ba ta da ko taƙi ɗaya na ƙasa, amma tana da jiragen ruwa na yaƙi da na kasuwanci, kuma a dokar duniya jirgin da ke tsakiyar teku yankin ƙasar da tutarta ke kansa ne. Da wannan hujja aka fitar da kan sarki takwas a Disambar 1941, kamfanin Bradbury Wilkinson na Ingila ya buga, wasu da hoton kangayen Warsaw, ɗaya da jirgin ƙarƙashin ruwa Orzeł. Wani jeri ya biyo baya a 1943. A Yunin 1944 aka ɗauki huɗu daga na farko aka buga musu MONTE CASSINO 18.V.1944 a kai. Na ƙarshe ya fito a Fabrairun 1945, zloty 1+2, domin taimakon waɗanda suka tsira daga boren da mutanen Warsaw suka yi wa mamayar Jamus a 1944. Waɗannan sun ɗauki wasiƙu da gaske, har manyan kundayen kan sarki na duniya sun ba su lamba. Da aka janye amincewa da gwamnatin a Yulin 1945, amfaninsu ya ƙare. Duk abin da sojojin Poland na yamma suka buga bayan wannan wata, babu ƙasar da ke tsaye a bayansa. Wannan wata shi ne iyakar da ya kamata mai tarawa ya riƙe a ka.

Dabarar tara kuɗin marayu da kan sarki kuwa ta girmi 1945. A sansanin fursunonin yaƙi na Woldenberg, inda Jamus ta tsare hafsoshin Poland kusan 6,000, fursunonin sun kafa gidan waya na cikin gida a 1942. Da wuƙa suke sassaƙa hoton a jikin katako, su shafa tawada su danna a kan duk takardar da ta samu, wasiƙa ta tashi daga wannan bariki zuwa wancan, ribar ta shiga asusun zawarawa da marayun sojoji. Sansanonin Gross Born da Neubrandenburg da Murnau su ma sun yi nasu. A 1944 har kan sarkin wasannin Olamfik da suka shirya a bayan waya mai ƙaya suka buga a Woldenberg da Gross Born. Da Amurkawa suka buɗe Murnau a ƙarshen Afrilun 1945, hafsoshi da yawa daga can suka gangara Italiya suka shiga Runduna ta Biyu. Saboda haka ban ga abin mamaki ba don tunanin ya sake tsirowa a can. Mutane ne da suka riga suka ga ƙaramar takarda ta ciyar da iyalin mamaci.

Mu dawo kan huɗun nan na 1946, waɗanda aka yi don tunawa da nasarorin rundunar a Italiya. Wasiƙun sojojin Anders suna tafiya ne ta ofisoshin gidan wayan soja na rundunar, waɗanda ke haɗe da tsarin sojan Birtaniya. Wasiƙar soja ta yau da kullum ba ta buƙatar kan sarki, inda kuma ake biya, na Birtaniya ake liƙawa. Ke nan babu wani giɓi na aikin gidan waya da waɗannan huɗun suka zo cikewa. Soja ya saya ne don ya ba da gudummawa, ya liƙa a ambulan don duk wanda wasiƙar ta bi ta hannunsa ya ga cewa rundunar tana nan. Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan ciniki: alamar tunawa da 'yan mazan jiya da ake sayarwa gabanin 15 ga Janairu, ba darajar abin da aka maƙala a ƙirji ake biya ba. Shi ya sa rubuta farashin da zloty bai dami kowa ba. Ba lissafi aka yi da shi ba, magana aka yi, cewa har yanzu sojojin Poland ne, ba 'yan gudun hijira masu kaki ba.

In ka ajiye biyu daga cikinsu kusa da juna a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abu na farko da ido zai kama shi ne takarda. Akwai bugu a kan takarda mai ruwan toka, akwai a kan fara. Mai ruwan tokar tana nuna halin da aka yi ta a ciki, lokacin da takarda mai kyau ta yi wuya a Italiya, hoton ya ɗan dushe a kanta, ba shi da kaifin na Landan da aka zana a ƙarfe. Akwai masu haƙoran gefe, akwai waɗanda aka bari ba haƙora, akwai na zloty 2 da aka sake buga masa farashin zloty 5 a kai. Ni dai na fi son na tokar, ko da ba su kai farar kyan gani ba, domin su ne suka fi kama da mutanen da suka yi su.

Jeri na biyu ya fi wannan wuyar yanke wa hukunci. A kudancin Italiya, a garuruwan Barletta da Trani na gaɓar tekun Adriyatik, rundunar ta tsugunar da fararen hula 'yan Poland a matsugunai masu makarantu da wuraren koyon sana'a. A 1946 aka fitar musu da kan sarki masu rubutun Poczta Osiedli Polskich w Italii, gidan wayan matsugunan 'yan Poland a Italiya, su kuma da lira aka sa musu farashi. Garuruwan biyu maƙwabta ne, kuma wasiƙu suna zirga-zirga tsakanin matsugunan, don haka a nan akwai aikin gidan waya na haƙiƙa, ko da na cikin gida ne. Wasiƙar da za ta wuce nan kuwa sai ta bi ta gidan wayan Italiya ko na soja. Amma dubi farashin wasu daga cikinsu. Akwai na jirgin sama mai lira 25+100, akwai ƙaramin falle mai lira 3+247. Wanda ya biya lira 250 a kan takardar da kuɗin wasiƙarta lira 3 ne, ya san sadaka ya yi. Sannan matsugunan ba su da jirgin sama, balle a ce kan sarkin jirgi ya zama dole. Daga baya ma aka buga wa wasu rubutun Turanci na girmama 'yanci huɗu da Shugaba Roosevelt ya yi shela, abin da ke nuna kasuwar Amurka ake hari, inda miliyoyin 'yan asalin Poland ke zaune a birane irin su Chicago da Detroit.

A nan ne masu tarawa suka rabu. Wasu suna cewa duk wannan tatsar aljihun masu sha'awa ce aka lulluɓe da tuta, tunda yawan nau'o'in, mai haƙora da marar haƙora, falle da launi daban-daban, ya wuce buƙatar kowane sansani. Ba su yi ƙarya ba game da yawan. Inda na saɓa da su shi ne a kan abin da yawan yake nufi. Rundunar da ta san za a rushe ta, ga dubban mutanen da ba gwamnatin da za ta ba su fansho, in ta nemi kuɗi a wurin masu tara kan sarki na Roma da Landan da New York, ba yaudara ta yi ba, domin farashin yana rubuce ɓaro-ɓaro, kowa ya ga inda kuɗin wasiƙa ya tsaya da inda gudummawa ta fara. Yaudarar daga baya ta shigo, a hannun dillalan da suka ci gaba da ƙirƙiro "kurakuran bugu" da ƙarin rubuce-rubuce bayan matsugunan sun watse, kuɗin kuma bai je wurin maraya ko ɗaya ba. Aikin mai tarawa shi ne raba waɗannan biyun, kuma ba koyaushe yake da sauƙi ba.

Watsewar ba ta daɗe ba. Ranar 8 ga Yuni 1946 aka yi faretin nasara a Landan ba tare da sojojin Anders ba. A Satumbar wannan shekara gwamnatin Warsaw ta ƙwace wa Anders da wasu manyan hafsoshi 'yancin zama 'yan ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare an kwashe rundunar zuwa Birtaniya, aka zuba ta cikin wata runduna ta wucin gadi da aikinta shi ne koya wa sojojin sana'a da Turanci a sallame su, majalisar Birtaniya kuma ta yi dokar tsugunar da su a 1947. Ke nan duk rayuwar kan sarkin Italiya ba ta wuce shekara guda ba.

A Jamus da Ostiriya ma an yi makamancin haka a sansanonin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Wanda aka fi sani shi ne na Dachau-Allach na 1945, mai alamar ƙungiyar agaji ta Red Cross, wanda 'yan Poland da suka tsira daga sansanin Dachau suka fitar. Akwai na Helmstedt da Ettlingen da Lübeck. Waɗannan fage ne mai zaman kansa, kuma jabu ya yi masa katutu.

A can gida kuwa gwamnatin kwaminis tana fitar da nata, kuma nata kan sarki ne cikakku da ke kai wasiƙa ko'ina a duniya. A 1945 ta fitar da na Westerplatte, zloty 1+9, don tunawa da sojoji kimanin 200 da suka riƙe wani ɗan zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku a bakin tashar jiragen ruwa ta Gdańsk kwana bakwai a farkon yaƙin. A 1946 ta fitar da na ma'aikatan gidan wayan Gdańsk da suka kare ofishinsu da bindiga ranar 1 ga Satumba 1939, zloty 3+12. A nan ma gudummawar ta ninka kuɗin wasiƙa, domin ƙasar kango ce. Abin lura shi ne wanda ba a sa ba. Babu Anders, kuma sai a 1989, shekara 19 bayan rasuwarsa a Landan, aka soke hukuncin ƙwace masa ƙasa, hotonsa kuma ya hau kan sarkin Poland. In ka jera shafi biyu a albam, na Warsaw a hagu, na Italiya a dama, duka na 1946, za ka ga ƙasa ɗaya tana ba da labarin yaƙi ɗaya da baki biyu. A ganina wannan jeri ya fi kowane kan sarki mai tsada da za ka iya saya a wannan fage.

Bayan an sallami sojojin, al'adar ba ta mutu ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da na nakasassun yaƙi a Birtaniya sun ci gaba da buga takardun gudummawa. A 1949 gwamnatin gudun hijira ta kafa asusun da ta kira Skarb Narodowy, baitulmalin ƙasa, inda ɗan gudun hijira ke biyan abin da ya sawwaƙa a ba shi takarda mai kama da kan sarki ya liƙa a ɗan littafinsa. A 1954 aka yi ƙarin bugu don cikar Monte Cassino shekara 10. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa biyan kuɗin wasiƙa, masu su ma ba su ce ya biya ba. Ɗan littafin da wani tsohon soja mai aikin masaƙa ko ma'adinai ya cika wata bayan wata ya fi takardun da ba a taɓa liƙawa ba daraja a wurina, ko da kasuwa ba ta ganin haka.

Wani abu da ba kowa ya sani ba a wajenmu: tun 1941 Birtaniya ta aro ɗaruruwan hafsoshin Poland ta turo su rundunar sojan Afirka ta Yamma, suka yi aiki a Najeriya da Gold Coast da Saliyo da Gambiya, suka horar da kakanninmu da daga baya aka kai Burma. Ambulan da ɗayansu ya aika daga nan, da kan sarkin Najeriya mai hoton Sarki George na Shida, yana da gurbi a irin wannan tari.

To yaya ake saye ba a ƙone ba? Tambayoyi uku nake wa kowace takarda: wa ya fitar da ita, ta taɓa ɗaukar wasiƙa, kuma ina kuɗinta ya tafi. Kundayen farashi suna taimakawa da ta farko, amma kowanne da inda ya tsaya. Scott na Amurka ya lissafa na Landan. Sassone na Italiya yana da babi na musamman mai suna Corpo Polacco, kuma da wannan suna dillalan Italiya suke tallar na 1946. Fischer na Poland, a juzu'insa na biyu, shi ya fi shiga cikin na sansanoni. Rashin ganin abu a wani kundi ba ya nufin jabu ne, ganinsa a kundi kuma ba ya nufin ya taɓa aikin gidan waya.

Tambaya ta biyu ambulan ne kaɗai ke amsa ta, kuma a nan ake yawan yin asara. Za a nuna maka ambulan fari tas, an jera kan sarki huɗun a layi kamar da ma'auni, kowanne da hatimi zagaye a tsakiyarsa daidai, adireshi da keken rubutu. Juya bayansa. Ba hatimin isowa, ba tambarin mai tace wasiƙun soja, bakin ambulan ma ba a taɓa liƙe shi ba balle a yage. Wannan a kan tebur aka yi shi, an roƙi ma'aikaci ya buga hatimi, bai taɓa shiga jakar wasiƙu ba. Ba laifi ba ne a mallake shi, abin tunawa ne na zamaninsa, amma kada a biya shi kuɗin wanda ya yi tafiya. Wanda ya yi tafiya yakan zo da lanƙwasa da datti, da rubutun hannu, da lambar gidan wayan soja, wani lokaci an soke adireshi an rubuta sabo domin mai wasiƙar ya riga ya tashi zuwa wani sansani. Kan sarkin gudummawar yana gefe, abin da ya biya kuɗin tafiyar kuma daban. Irin wannan ba shi da yawa, kuma shi ke tabbatar da cewa sojoji da iyalansu sun yi amfani da takardun, ba dillalai kaɗai ba.

Game da jabu, ƙa'idar ita ce duk inda ɗan ƙarin rubutu ke ninka farashi, nan ɓarawo ke zama. Buga layi biyu na baƙi a kan kan sarki mai araha ba wuya, shi ya sa bugun Monte Cassino na 1944 da duk wani rubutu da aka ce ya fito a kife ko sau biyu suke buƙatar taka-tsantsan. Haka kan sarki mai rubutun Dojdziemy, mai farashin kopek 50 na kuɗin Sobiyet, da rundunar ta fitar a Uzbekistan a 1942, kafin ta bar ƙasar Sobiyet: kaɗan aka buga, na jabu sun yi yawa. Na sansanonin fursuna da aka sassaƙa a katako su ma suna da sauƙin kwaikwayo. Marasa haƙora kuma a duba faɗin gefensu, domin almakashi na iya mayar da mai haƙora marar haƙora. Ƙwararrun Ƙungiyar Masu Tara Kan Sarki ta Poland suna buga ɗan ƙaramin hatimin sunansu a bayan wanda suka tantance, ko su ba da takardar shaida mai hoto. Ga abu mai tsada, takardar shaidar ta fi, tunda shi ma ɗan hatimin ana yi masa jabu. Ƙungiyar Polonus da ke Amurka, wadda aka kafa a Chicago a 1939, ta daɗe tana wallafa bincike a kan waɗannan fannoni da Turanci, ga wanda ba ya jin harshen Poland.

Labari mai daɗi shi ne jerin asali na 1946 ba su da tsada, domin an buga su da yawa kuma masu saye sun adana su, ba su liƙa ba. Mai farawa zai iya haɗa na Landan, da huɗun Runduna ta Biyu a takarda iri biyu, da na Barletta da Trani, da na Warsaw na shekarun nan, ba tare da ya taɓa jarinsa ba. Tsadar tana wajen ambulan da suka yi tafiya da nau'o'in da ba a saba gani ba, kuma waɗannan a bar su sai ido ya buɗe.

Sai maganar ajiya, wadda a yanayinmu ba ƙarama ba ce. Takardar 1946 ba ta da ƙwari. Laimar damina tana narka gam ɗin baya ya manne da shafi, tana kuma kawo ɗigo-ɗigon tsatsa da ba ya fita. Hunturu yana busar da ita ta nannaɗe, gam ya tsattsage. A ɗauke ta da hantsaki mai faffaɗan baki, ba da yatsa ba, a sa ta a albam mai aljihun leda marar gam, a tsayar da albam ɗin a tsaye cikin akwatin da iska ba ta shiga, da ɗan ƙunshin garin da ke shanye laima, nesa da bango saboda gara. Kada a jiƙa ambulan don a ciro kan sarkin da ke kansa, domin da an raba su shaidar ta tafi. A ƙarƙashin kowanne kuma a rubuta da fensir abin da yake: na gidan waya, na cikin sansani, ko na gudummawa zalla, da shekararsa da wanda ya fitar da shi, da inda aka saye shi.